Bosko a Fadamar 'Yan Farauta

Fatakwal,
15 ga Disamba, 2002.

Zuwa ga Baffa Jalo, Azare.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna Husaina da yara, da fatan gwiwar nan taka ta yi sauƙi. Mun dawo Fatakwal lafiya bayan Sallah, sai gajiyar hanya. Juwairiyya tana gaishe ku, jikin nata ya yi nauyi amma alhamdulillahi. Bubayero direban motar shanu na ba wa wannan takarda, tunda kullum yana kan hanyar nan.

Baffa, maganar Bosko ce ta sa na rubuto. Hidimar Sallah ba ta bar ni na yi maka cikakken bayaninsa ba. Injiniyan da nake tuƙawa ne ya raine shi tun yana ɗan kwikwiyo, da zai koma ƙasarsu ya bar mini shi, don ni nake ba shi abinci. Mai gidan da muke haya kuwa yana ganin fuskarsa ya ce in zaɓa, ko ɗaki ko kare. A duk danginmu kai ne mai karnuka, kai ka san halinsu, shi ya sa ban yi tunanin kowa ba. Amana ce na bar maka zuwa lokacin da zan samu gida mai fili.

Irinsa suke kira fitbul. Kada ƙaton kan nan da faɗin ƙirjin su tsorata ka. Ka jefa masa wani abu ka gani, zai ɗauko ya kawo maka har hannu, haka aka koya masa. Roƙona ɗaya, kada ya ƙare a ɗaure a gindin turke. Na san duk Juma'a da la'asar kuna sakin karnukanku a fadamar bayan gari don su saba da juna kafin farauta. Don Allah ka riƙa tafiya da shi, ya sha iska cikin 'yan'uwansa.

Ɗanka,
Najmuddeen.

Azare,
6 ga Janairu, 2003.

Ɗana Najmuddeen,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa tana nan da halinta, in na zauna ta yi shiru, in na tashi ta tuna da ni. Innarka ta ce a faɗa wa Juwairiyya ta rage ɗaukar kaya masu nauyi.

Kai yaro, wace irin fitina ka ajiye mini a gida? Shekara talatin ina aikin malamin daji har na yi ritaya, ba wanda ya taɓa zuwa ƙofata kallo. Yanzu kuwa har 'yan acaɓa tsayawa suke yi su leƙa ta kan katanga. Wata tsohuwa ta tambayi Innarka wai da gaske ne uwarsa kura ce? Kuma ci gare shi, abin da karyata Guguwa take ci kwana biyu shi a zama ɗaya yake lashewa ya dube ni.

Amma zan faɗi gaskiya, ya ba ni mamaki. Shekaranjiya ɗan tsakon Innarka ya faɗa cikin kwatami, uwar tana ta kururuwa. Kafin in miƙe sai ga Bosko ya tsoma baki ya ɗauko shi. Innarka ta yi salati, ni ma na ce shi ke nan. Wallahi a gabana ya ajiye shi, tsako ya girgiza jiki ya bi uwarsa, ko gashi ɗaya bai tsinke ba. Na daɗe da karnuka, ban taɓa ganin mai laushin baki haka ba.

To na kai shi fadama kamar yadda ka roƙa, kuma na sha kunya. Muna isa aka fara janye karnuka, kowa ya riƙe nasa. Naziru ɗan gidan mahauta, wannan mai bakin da ba ya rufuwa, ya ce ya ga irinsa a gidan kallo. Wai in sun kama abu muƙamuƙinsu kullewa yake yi, sai an sa ƙarfe an ɓanɓare, wai har iyayengijinsu suke kashewa. Na ce masa kai da ko zomo ba ka taɓa kamawa ba, a talabijin ka koyi kare? Aka yi dariya, amma ba wanda ya saki karensa.

Malam Zarami, shugabanmu na farauta, ya ce fadama ta karnukan ƙasa ce, waɗanda aka san iyayensu da kakanninsu. Ya nuna Guguwa ya ce, “Kamar wannan, uwarta a hannuna ta tashi.” Ka san yadda nake ji da Guguwa, sai da kaina ya ɗan kumbura. Daga ƙarshe ya yarda Bosko ya riƙa zuwa, amma da igiya a wuya, a hannuna. Haka muke tsayawa ni da shi a gefe kamar baƙi a gidan biki, sauran suna ta tsere yana kaɗa wutsiya yana kuka ƙasa-ƙasa.

Ka faɗa mini tsakaninka da Allah, abin da Naziru ya faɗa akwai gaskiya a ciki? Ya taɓa cizon wani?

Baffanka,
Muhammadu Jalo.

Fatakwal,
19 ga Janairu, 2003.

Baffa,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta same mu lafiya, Juwairiyya ta yi dariya har da riƙe ciki a kan maganar kura.

Ka tambaye ni tsakanina da Allah, to ga amsa. Ƙarfi dai yana da shi, ba zan ɓoye ba. Irinsu akwai waɗanda mutane suke rainonsu don faɗa, su hana su abinci, su dake su har su zama mugaye, irin waɗannan ake nunawa a gidan kallo. Maganar kullewar muƙamuƙi kuwa na tambayi likitan dabbobin da yake duba shi a da, ya ce babu wannan, baki ne irin na kowane kare. Bosko bai taɓa cizon kowa ba. Sau ɗaya wani ya hauro katangar gidan injiniya, ya riƙe masa ƙafar wando har masu gadi suka zo, ko ƙwarzane mutumin bai samu ba. 'Yar injiniya kuwa a kan bayansa take barci.

Ban ce dole su so shi ba, Baffa. Ni dai abin da na gani shi ne Guguwa ana yi mata hukunci da abin da ta yi, shi kuma da abin da wasu karnuka suka yi a wata ƙasa. Amma mutanen nan abokanka ne tun ban zo duniya ba, ba na so ku ɓata saboda ni. In ka ga zai jawo maka rigima, ka raba shi da su kawai, ka huta.

A gaida Inna da yara.

Najmuddeen.

Azare,
14 ga Fabrairu, 2003.

Najmuddeen,

Barka da Sallah, da fatan kun yi layya lafiya. Mu ma mun yi, rago ya yi kitse ba laifi. Innarka ta aiko muku da soyayyen nama a gwangwani, ka karɓa wurin Bubayero. An yi rasuwa a Misau, surukar 'yarmu Zinatu, mun je gaisuwa mun dawo. Gero ya ɗan tashi a kasuwa. Rijiyar masallaci ta ƙafe, ana maganar ƙara mata zurfi.

Batun kare, an gama. Na bi shawararka.

Allah ya sauki Juwairiyya lafiya.

Baffanka.

Fatakwal,
2 ga Maris, 2003.

Baffa,

Assalamu alaikum. Albishirinka! Juwairiyya ta sauka lafiya, an samu namiji, ita da shi duk lafiya lau. Jiya aka yi suna, na yi maka takwara. Muhammadu aka raɗa masa, kuma Jalo za mu riƙa kiransa, don tun rasuwar mahaifinmu kai ka tsaya mana. Nama ya iso, mun gode wa Inna.

Wani albishir kuma, na samu gida a bayan gari mai ɗan fili, mai gidan ya ce ba ruwansa da kare. Ƙarshen wata mai zuwa in Allah ya yarda zan zo in ɗauki Bosko, ka huta da ciyarwa.

Sai dai takardarka ta tsaya mini a rai. Kai da kake cika takarda gaba da baya, wannan karon har da farashin gero amma Bosko layi ɗaya. Wace shawara ka bi? Ni abin da na ce shi ne ka daina kai shi fadama, ya zauna a gida. Na tambayi Bubayero ko ya gan shi, sai ya hau duba tayar mota yana cewa shi ba ya shiga cikin gida. Tun da nake da Bubayero bai taɓa kasa haɗa ido da ni ba.

Don Allah Baffa ka rubuto.

Ɗanka,
Najmuddeen.

Azare,
23 ga Maris, 2003.

Ɗana Najmuddeen,

Wa alaikumus salam. Allah ya raya Muhammadu, ya sa albarka a rayuwarsa, ya ba uwarsa lafiyar shayarwa. Innarka ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo. Ni kuwa da na karanta inda ka ce ka yi mini takwara, sai na ninke takardar na fita bayan gida, don kada yara su ga fuskata. Na fara amsa ya fi a ƙirga ina yagawa. Yau Innarka ta ce in ban rubuta ba ita za ta sa a rubuta.

Kada ka zo ɗaukar Bosko. Bosko ya mutu, kuma da hannuna na miƙa shi.

Juma'ar da ta gabaci Babbar Sallah muka je fadama. Naziru ya fara halin nasa, wai Malam Jalo ya zama mai gadin karen Turawa, wai in da gaske na yarda da shi me ya sa nake riƙe igiya kamar mai jan bijimi? Ka san zuciyata. Na ce to bari ku gani, na kwance shi. Kai, da ka ga murnarsa! Ya shiga cikinsu, aka shinshina juna, ba wanda ya yi gurnani. Suka kwasa a guje suka ɓace bayan duhuwar nan da ke kusa da bukkar Kellu, bazawarar nan mai kiwon awaki. Ina tsaye ina yi wa Naziru kallon ka gani ko.

Sai muka ji kukan akuya da ihun mace. Can sai ga Bosko ya fito shi kaɗai, ɗauke da ɗan akuya a baki, jini yana ɗiga. Bai tsaya ko'ina ba sai gabana, ya ajiye shi a kan takalmina ya zauna yana kallona, kamar ranar ɗan tsako. Ɗan akuyar da sauran ransa, amma an farke masa cinya da ciki, dole aka yanka shi nan take. Kellu ta iso tana kuka, ta ce ita ba ta ga wanda ya kama ba, ƙura kawai ta gani da karnuka.

Ka san dokarmu ta farauta, da ita muke raba gardama tun kakanni: naman da aka gani a bakin kare, na mai karen ne, ko wa ya taso shi. Malam Zarami ya dube ni ya ce, “Malam Jalo, da zomo ya kawo maka, da na wa ne?” Na ce nawa. Ya ce, “To wannan ma naka ne.” Naziru yana ta tsalle yana cewa ai ya faɗa, jininsu ne, yau akuya gobe yaro. Ba wanda ya ce a duba bakin sauran karnuka. Me za a duba, ga mai ƙaton kai a zaune da jini a leɓe?

Najmuddeen, ga inda kunyar take. Ni na duba. Bosko a wuya ya riƙo ɗan akuyar, ta fatar ƙeya, wurin kuma ko huda babu. Raunin a cinya yake, kuma duk fadamar nan kare ɗaya ne yake kamu ta cinya ya fizge, ni na koya mata da hannuna. Na waiga na hango Guguwa ta raɓe bayan jama'a tana lasar ƙirji. Na gani sarai, na kawar da kai. Labarin ɗan tsako yana bakina, kalma biyu ce, na haɗiye. Na ji tsoron a ce tsohon malamin daji ya sayar da karyarsa ta gida don ya wanke karen Turawa, na kuma ji tsoron abin da za a yi mata.

Karen da ya ɗanɗana dabbar gida ba a barinsa, wannan ma dokarmu ce. Da na roƙa, da wataƙila sun bar ni na mayar maka da shi Fatakwal. Ban roƙa ba. Na tuna layin nan na takardarka, ka raba shi da su ka huta, na ce musu ai mai shi ma ya ba ni izini. Wallahi na san ba haka kake nufi ba. Na fahimce ka tun karatun farko, na dai laɓe a bayan maganarka ne.

Washegari da hantsi na ja shi zuwa bakin fadama, Naziru yana jira da bindiga. Yana tafe yana kaɗa wutsiya, ya ɗauka yawo za mu. Da na sunkuya zan ɗaure igiyar a jikin kututture, hulata ta faɗi ta gangara. Kafin in miƙa hannu ya ɗauko ta, ya ɗago kai ya sa mini a tafin hannu. Naziru ma sai da ya sauke bindigar ya dube ni. Da na ce uffan a lokacin, na rantse da ya fasa. Na karɓi hulata na juya, ban kai bakin hanya ba na ji ƙarar.

Ban gama ba, ka yi haƙuri. Makon jiya, rana tsaka, Kellu ta kama Guguwa a cikin garkenta da wani ɗan akuyar a ƙasa, a gaban shaidu. Aka kira Malam Zarami. Na tafi ina jan ƙafa, na ce yau asirina ya tonu, za a tuna da Bosko. Ka san abin da ya ce? Ya ce, “Guguwa ai tamu ce, mun san gidansu. Kuskure ne, zafin farauta ne ya ɗebe ta. A ɗaure ta kwana biyu, Malam Jalo ya ba Kellu wata akuyar.” Naziru ya gyaɗa kai ya ce ai kowane kare yana da ranarsa. Ba wanda ya ambaci Bosko, ko mutum ɗaya. Ni ma ban ambata ba, kuma abin da ya fi ci mini rai, daɗi na ji da aka bar mini ita.

Tun ranar ban koma fadama ba. Na ce musu gwiwa ce.

Yanzu hukunci yana hannunka. In ka ce Guguwa ta bi shi, zan kai ta wurin kututturen nan da kaina. In kuma ka ga sunana bai dace da ɗanka ba, ku kira shi Muhammadu kawai, ba zan ji haushi ba.

Ga hular nan na ba Bubayero a cikin leda. Innarka ta so ta wanke ta tunda bakin kare ya taɓa, na hana, ban kuma sake sa ta ba. Ka juya ta ciki da waje ka duba da kyau, ko za ka ga sawun haƙori.

Baffanka mai jin kunyarka,
Muhammadu Jalo.

Fatakwal,
6 ga Afrilu, 2003.

Baffa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Takwaranka yana ta ƙiba, ya fara bin mutane da ido.

Na karanta, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, na yi kuka, na yi kwanaki ban iya ɗaukar biro ba. Na riga na kafa masa rumfa a sabon gidan, tana nan ina wucewa ta gabanta kullum. Ni ma da nawa laifin, Baffa. Mai gidan haya yana faɗar magana ɗaya ban ko yi gardama ba, na kwashe shi na kai inda ba wanda ya san shi, na bar ka kai kaɗai da bakin mutane.

Kada ka taɓa Guguwa. Ka ɗaure ta nesa da awaki, ka ci gaba da ba ta abinci. Mutuwarta ba za ta wanke shi ba. Sunan yaro kuma Jalo, an riga an raɗa, ban kuwa yi nadama ba, don ba kowane babba ne zai rubuta wa ɗansa irin takardar da ka rubuto mini ba.

Hula na duba ta ciki da waje, Juwairiyya ma ta duba a hasken rana. Babu komai, ko zare ɗaya bai tashi ba. Amma Baffa, ni ban taɓa shakkarsa ba, ba ni ne mai bukatar ganinta ba. Shi ya sa na mayar wa Bubayero ita a ledarta.

Ka ce hukunci yana hannuna, to ga shi, in ka yarda. Ranar Juma'a da la'asar ka ɗauki hular ka tafi fadama, ko gwiwa tana ciwo. Ka bari sai kowa ya hallara, Malam Zarami da Naziru, a kira Kellu ma. Ka miƙa musu ita hannu da hannu su duba kamar yadda ka ce in duba, sannan ka ba su labarin ɗan tsako, da na cinyar ɗan akuya.

In ka yi, ka rubuto mini abin da suka ce. Daga nan Inna ta wanke hular.

Ɗanka,
Najmuddeen.